Yaya, Kofunan Roba da Ruwan Marina

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, mai shiri da marar shiri. Yayana ya riga ni a ƙarshen kakar bana, ana tsaka da cirar auduga. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ne auta, na tsakiya duk sun daɗe da tafiya. Saura ni kaɗai a ɗakinmu da na san shi tun gemunsa yana baƙi, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani, kafin masu daɗin baki su gama gyara shi ya koma wani mutum daban.

Don kuwa tun a zaman makoki aka fara. Malam liman ya ce marigayi mutum ne mai kyakkyawan zato ga bayin Allah. Na sunkuyar da kai, na ji na kusa da ni yana tari irin na mai danne dariya. Allah ya saka wa liman da alheri, amma Yaya bai taɓa kyautata wa kowa zato ba, har da shi liman ɗin. In aka ce an ga wata, sai ya tambaya wa ya gani, kuma a ina yake tsaye. In ka ba shi goro, sai ya ɓare shi a gabanka ya leƙa ko sankara ta shiga, sannan ya yi maka godiya. Goggonmu, wadda ta fi kowa shekaru a dangi, da labarin addu'ar ya isa cikin gida sai ta aiko a ce wa maza su daina yi wa mamaci ƙarya, yaron da ko nonon uwarsa sai da ya sansana kafin ya kama. Matarsa kuwa ta fito da likkafanin da ya saya da kansa tun shekarun baya. Ta ce ranar da ya sayo shi ya ɗaga shi a rana yana neman inda zare ya tsallake, ya mayar wa mai yadi, aka canza masa, ya sake mayarwa.

Mata masu man gyaɗa sun zo daga Tsiga da Ƙarfi, har da na Gozaki, wasu a mota wasu a ƙafa. Ba danginmu ba ne, masu sayen kayansa ne. Su ne suka yi kukan da ya fi na kowa tsawo, kuma ban ji ɗaya daga cikinsu ta ce yana da fara'a ba. Abin da suke ta maimaitawa shi ne, yanzu wa zai riƙa duba musu kaya.

Akwai kuma wanda zuwansa ya sa aka yi ta kallon juna. Alhajin kanti ne, Bayarabe, dattijo mai babban kantin kaya a bakin kasuwar Funtua. Ya zauna a gefen tabarma, kuma kullum sai ya dawo har aka tashi makoki. Duk garin nan an san shi da Yaya sun yi shekaru ba sa zama wuri ɗaya. Na ji wani yana raɗa wai ya zo ne ya ga abin da aka bari, wani ya ce a'a, kunya ce ta kawo shi. Ni da na ga farkon abin na ga ƙarshensa, raina ya ɓaci. Abotar mutanen nan biyu ita ce abu mafi tsada da Yaya ya taɓa mallaka, ya kuma kusa shiga kabari babu ita. Ga yadda aka yi.

Mu gidan rini ne. Ni na gaji marinar mahaifinmu da ke bayan gari, har yau hannuwana shuɗi ne zuwa gwiwar hannu. Yaya tun yana saurayi ya ce shi ba zai iya sana'ar ba. Dalilinsa wai zane yana fitowa daga rami kore, kana kallonsa ya rikiɗe ya zama shuɗi, kuma shi ba ya hulɗa da abin da ke canza fuska a gaban mutum. Mahaifinmu ya zage shi tas, shi kuwa ya ɗauki koli. Ya fara da allura da zare da madubi a kan faifai, ya kai ga kwanuka da fitilu a bayan keke, yana bin kasuwannin ƙauye daga Bakori har Malumfashi.

Kowane kaya da yadda yake tuhumarsa. Kwano sai ya ɗora shi a kan yatsa ya ƙwanƙwasa da farce ya kasa kunne. Fitila sai ya hura tankinta ya ji ko iska na fita. Buta sai ya cika ta da ruwa ya ajiye a kan busasshiyar toka ya tafi sallah. Madubi kuwa fuskarsa yake dubawa, in ya ga bakinsa ya karkace ya ce madubin maƙaryaci ne, ko da yake na sha faɗa masa bakin nasa dama ba a miƙe yake ba. Yana da wuyar sha'ani, ciniki da shi sai mai haƙuri, amma abin da ya fito daga hannunsa ba ya yoyo.

A wajen Alhajin kanti yake sari. Alhaji ya zo garin nan ta jirgin ƙasa tun muna samari, a nan ya haifi 'ya'yansa duka, Hausarsu ta fi tawa. Yadda suka shaƙu da Yaya ban taɓa ganewa ba, don Alhaji mai dariya ne, Yaya kuwa sai ka yi wata ba ka ga haƙorinsa ba. Amma in Yaya yana gari, bayan la'asar a kan bencin ƙofar kantin za ka same su. Abin da zai nuna maka girman abin shi ne, abincin gida biyu kawai Yaya yake ci a duniya, na matarsa da na matar Alhaji. Na gidana ma sai ya ce ya ƙoshi.

Bayan samun mulkin kai ne roba ta fara cika kasuwa. Da farko butoci da bokitai ne, ja da kore da ruwan ɗorawa. Yaya ya ɗauki bokiti ɗaya ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, bai ji komai ba. Ya ce abin da aka buga ya yi shiru, akwai abin da yake ɓoyewa. Ya ƙi ɗauka, har sai da ya ga mata sun fara wuce shimfiɗarsa zuwa ta gaba.

Sai ga wasu ƙananan kofuna sun fito, na roba ne amma garau kamar gilashi. Masu man gyaɗa suka yi caa a kansu. Kowa ya san rigimar gwangwanin awo: mai saye yana zargin an buga gindinsa ya shige ciki, mai sayarwa tana rantsuwa. Wannan kofi kuwa kana ganin mai tun daga ƙasa har baki, babu wurin ɓoye ha'inci. A nan Yaya ya faɗa. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana neman abin da ba ya ɓoye komai, ga shi an kawo masa har gida. Ban taɓa jin ya yabi kaya ba sai su. Ya bi kasuwa kasuwa yana ɗaga kofi sama yana cewa a zo a ga gaskiya.

Ba a daɗe ba ƙorafi ya fara. A gindin kowane kofi akwai wani ɗan tsiro da muke kira cibiya. Daga nan wasu ke fara fitar da fararen layuka sirara kamar furfura, layukan su yi ta yawa, wata rana kofi ya tsage a hannun mai awo. Wasu kuma, daga kwali ɗaya, an saye su rana ɗaya, suna nan lafiya lau. Wata bazawara daga Ƙarfi, mai marayu, nata ya buɗe ne a kan bakin kwalba, ta firgita ta ture tulun man gaba ɗaya. Ta zo har gida da ɓarin kofin a ƙulle a bakin zane. Yaya ya yi mata tambayoyi kamar alkali: a ina ta ajiye shi, wa ya taɓa, ko yaro ya taka, anya man ya kai yawan da ta ce. Har ta fara kuka. Sannan ya tashi ya shiga gida ya sa matarsa ta cika mata tulu da nasu man, ya ce na farko bai cika ba a ƙara, ya raka ta tasha yana mita har mota ta tashi.

In ransa ya ɓaci marina yake zuwa, ba don ya yi hira ba, sai don ya zauna kusa da wanda zai iya harara ba a rama ba. Wata la'asar bayan ɗaukewar ruwa, sama ta yi garau babu gajimare, ya zo da kofuna a aljihu ya tsuguna a bakin wani rami da na kawar wa kumfa. Ruwan rini in ya kwanta baƙi ne wuluk, yana ɗaukar hoton sama fiye da madubi. Yana ta juya kofi a hannu a saman ruwan, sai na ji ya kira ni a hankali, da muryar da ban san shi da ita ba.

“Zo ka ga. Kada ka kalli kofin, kalli inuwarsa a ruwa.”

Na tsuguna a gefensa. Kofin da ke hannunsa garau yake, babu launi ko kaɗan. Amma wanda ke cikin ruwa cike yake da launi, ja da kore da rawaya da shuɗi, layi bayan layi kamar bakan gizo, suna zagaye cibiyar suna hawa jiki. Ni marini ne, launi ne abincina, amma tsigar jikina ta tashi. Na ce ko maiƙo ne a kan ruwan. Ya janye kofin, launi ya ɓace. Ya mayar, ya dawo. Ya ɗauko wani, shi kuma launinsa kaɗan ne, shimfiɗaɗɗe, ba ya cunkushe.

Daga ranar ya mai da marinata ofishinsa. Ya gano abin ba ya fitowa sosai sai rana ta yi ƙasa, da hantsi ko da la'asar, mutum ya bar ta a kafaɗarsa ya fuskanci kudu ko arewa, ya kalli ruwan a karkace daga ɗan nesa. Ranar hadari babu abin da ake gani. Masu cunkoson launi ya ɗaura musu jan zare, masu kwanciyar launi ya bar su haka, ya zuba wa kowanne man gyaɗa ya jera a kan katanga. Masu jan zare ne suka fara furfura, suka fara tsagewa. Ba duka ba, akwai ɗaya mai jan zare da ya ƙi fashewa, Yaya ya tsane shi kamar ya zage shi. Amma yawancinsu sun bi abin da ruwa ya nuna.

A gari kuwa magana ta bazu wai Yaya ya fara duba. Wata tsohuwa har ta zo marina a duba mata wanda ya sace mata akuya. Wannan bai dame shi ba. Abin da ke cin sa daban ne. Ya zauna ya yi lissafinsa irin nasa: kofuna iri biyu ne, masu kyau da marasa kyau. In iri biyu ne, akwai wanda ya san da haka. In akwai wanda ya sani, to wanda ke karɓo su daga kamfani ne. Lokacin kuma rediyo ba ta da zance sai na Arewa da Kudu, kowa yana kallon maƙwabcinsa ta wutsiyar ido. Wani ɗan koli ɗan'uwansa ya raɗa masa cewa ai su Alhaji haka suke, mai kyau na 'yan'uwansu ne, tarkace na Bahaushe. A kunnen wani da maganar ta wuce. A kunnen Yaya ta samu wurin zama.

Na ce masa ya je ya tambayi abokinsa baki da baki. Ya ce wanda ya cuce ka in ka tambaye shi me zai ce. Bai tambaya ba. Ya ci gaba da zuwa benci, amma in an kawo kwano daga gidan Alhaji sai ya ce cikinsa ba daɗi. Alhaji ba yaro ba ne. Ya bi diddigi har ya ji abin da ake faɗa.

Ana haka Sallah ta zo, babban ɗan Alhaji ya dawo gida hutu. Magidanci ne, yana aiki a wani kamfanin roba a Kano, shi ke tsaye a kan inji. Uban ya kamo hannunsa suka zo marina, suka tarar da mu. Yaya ya miƙa wa ɗan Alhaji kofi ya nuna masa inda zai tsuguna. Shi ma da ya gani sai da ya yi salati. Ya ce ya ji akwai wasu baƙaƙen gilasai biyu a ofishin injiniyansu da ake sa kaya a tsakaninsu don ganin irin wannan, amma shi ba a taɓa nuna masa ba, bai kuma san ruwa da sama suna yi ba. Tsagewar dai ya san ta, ya kuma san daga ina take.

Ya yi mana bayani dalla-dalla. Robar tana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya kamar tsakin masara. Inji ya narkar da ita, ya tura ta da ƙarfi ta wata 'yar ƙofa zuwa cikin ƙarfen zubi mai siffar kofi, wannan ƙofar ce ke barin cibiya. In robar ta narke sosai, ƙarfen kuma yana da ɗumi, sai ta shiga ta bazu ta kwanta, ta huce a hankali. Amma in zafinta bai kai ba, ko ƙarfen ya yi sanyi, kamar da safe in an tada inji, ko in helima, shugaban ma'aikata, yana gaggawa ya sa an ƙara ruwan sanyi don kaya su riƙa faɗowa da sauri, to dole a ƙara mata matsi kafin ta cika. Sai ta daskare tana cikin gudu, a miƙe, a ja, ba ta samu ta saki jiki ba. Wannan jan yana nan a cikinta ko da ido bai gani ba, kuma ya fi yawa a bakin ƙofa, inda aka ci gaba da danna ta har ta sandare. Shi ne yake karkatar da haske ya ba da launi, shi ne kuma mai ko kananzir yake samu ya bi ya buɗe. Ya ce duk a kwando ɗaya suke faɗawa, na safe da na rana, na gaggawa da na natsuwa, mata su kwashe su zuba a kwali. Babu wanda ke ware su, shi da ya yi su ma ba zai iya nuna maka da ido ba.

Ni dai maganar ta shige ni, don ko rini in ka gaggauta shi sai ya nuna a jikin zane. Na kalli Yaya ina jiran ya saki fuska. Ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce bayanin ya yi tsari, amma mai bayanin ɗa ne, kuma bai taɓa ganin ɗan da ya tashi daga Kano don ya kada ubansa ba. Ya ce ya san akwai kwali a kanti da aka ɗaure da igiya za a aika wa ƙanen Alhaji a Malumfashi. A ɗauko wannan ɗin, yanzu, kafin kowa ya taɓa shi.

Na ga fuskar Alhaji ta canza. Ɗan ya buɗe baki, uban ya ɗaga masa hannu. Ya aika aka ɗauko kwalin a kan ɗan dako, kafin ya iso mutane sun taru, har masu bugun zane sun ajiye aikinsu. Yaya ya yanke igiyar da wuƙarsa, ya tsuguna, ya bi kofunan ɗaya bayan ɗaya yana kasa su gida biyu. Alhaji yana tsaye, hannuwansa a baya, bai kalli ruwan ba ko sau ɗaya. Da aka gama, na ƙanen Alhaji ba su fi na Yaya da komai ba. In ma akwai bambanci, masu cunkoson launi sun ɗan fi yawa a ciki.

Yaya ya miƙe ya karkaɗe riga, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, Alhaji ba shi da laifi.

Alhaji ya ce, “Malam, ruwa ya wanke ni ke nan?”

“Ya wanke ka.”

“To madalla. Tun kafin a haifi yaron nan muke zama da kai, ban isa ka yarda da bakina ba, ramin rini ya isa. Ka riƙe shi, ya fi ni.”

Ya juya ya tafi, ɗansa ya bi shi, suka bar kwalin a nan.

Yaya ya ɗauka fushin kwana biyu ne. Washegari ma abin da ya dame shi shi ne gwada sauran maganar ɗan Alhaji, don ya ce in aka ba irin wannan roba zafi za ta nemi komawa yadda take so. Ya jefa kofi mai jan zare a tukunyar ruwan da matarsa ta ɗora don tuwo. Kofin ya tsuke, ya lanƙwashe wajen cibiya kamar busasshen ganye. Matar ta zubar da ruwan tana faɗa har maƙwabta suna ji, shi kuwa yana riƙe da abin da tsinke yana cewa ashe da gaske jan ta aka yi. Da la'asar ya tafi benci da shi a aljihu don ya nuna. Ya tarar an shigar da bencin cikin kanti.

Haka aka shiga shekaru. Ba su yi faɗa ba, da sun yi da ya fi sauƙi. In sun haɗu a masallaci su yi musabaha, kowa ya nemi takalminsa. Yaya bai canza wurin sari ba, amma ɗansa yake aikawa. Kowane kwali sai ya bi ta marina. Masu kwanciyar launi ya sayar wa masu mai, masu cunkoso ya ba masu gishiri da barkono, yana gargaɗinsu kada maiƙo ya taɓa. Tun daga nan kofinsa bai ƙara kunyata mace a kasuwa ba. Na yi masa magana, Goggo ta kira shi ta wanke shi tas, amsarsa ɗaya ce: ya duba, ya ga gaskiyar mutum, ya faɗa a gaban jama'a, me kuma ya rage. Na kan rasa ko bai gane ba ne ko ya gane sarai. Abin da na sani, hanyar gidansa ba ta bi ta ƙofar kanti ba, amma kullum ta nan yake bi, kuma a daidai nan kekensa ke rage gudu. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, don ban taɓa ganin mutum mai kaɗaici da taurin kai irinsa ba.

Bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ɓoye, har ranar da na ga ya daɗe a tsugune yana juya kofi ɗaya, ya ce yau sama ba ta da kyau, alhali ko ɗigon gajimare babu. Na ce ya kawo in duba masa. Ya ce idona ya sha shuɗi, komai shuɗi nake gani. Ɗansa ya ce zai iya, Yaya ya ce shi gaggawa gare shi kamar heliman kamfani. Tunda ba zai sayar da abin da bai duba ba, ba zai kuma yarda da duban wani ba, sai ya daina ɗaukar kofunan gaba ɗaya. Mata suka yi ta aike, ya ce babu. Daga baya ma ƙafa ta ƙi, ya koma zaman zaure.

Ana saura 'yan makonni ya rasu, wata la'asar ina motsa rami sai na ga ɗan dako da kwali a ka, Alhaji yana biye. Rabonsa da marina tun waccan ranar. Muka gaisa, ya ce ya lura an daina aiko sayen kofi, ya tambaya, an faɗa masa dalili. Ya ce in kawar masa da kumfa, in nuna masa inda ake fuskanta. Na shimfiɗa masa buhu, ya ƙi, ya durƙusa da farar rigarsa a kan ƙasar marina. Dattijo ne mai jiki, gwiwa kuma ta daɗe da gajiya. Na nuna masa yadda cunkoso yake da yadda kwanciya take, ya ce in matsa, shi zai yi da kansa. In ya yi shakka a kan kofi sai ya sake ɗaga shi, ya sake, sannan ya jefa shi cikin marasa kyau. Bai tashi ba sai da rana ta kusa faɗuwa, sai da na kama shi ya miƙe.

Muka tarar da Yaya a zaure da ɗansa. Da ya ji sallamar ya gane muryar, na ga ya gyara zama ya laluba hularsa. Alhaji bai zauna ba. Ya sa aka ajiye ƙulli biyu a gaban tabarma.

“Malam, na hannun damanka na masu mai ne. Na hagu na masu gishiri. Ni na duba.”

Yaya ya miƙa hannu cikin ƙullin dama ya ɗauko ɗaya. Ya shafa bakinsa, ya kai babban yatsa kan cibiya, ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa yadda ya saba. Sai ya sauke hannun, ya mayar da kofin inda ya ɗauko, ya ce wa ɗansa ya ɗaure na dama a keke, gobe kasuwar Tsiga.

Ɗan, da ya san halin ubansa, ya matso ya rage murya. “Baba, ko in kai wa Baffa ya ƙara gani da safe?”

“Bar su. Alhaji ya ce ya duba.”

Na haura shekara sittin ina bin bayan mutumin nan, ban taɓa jin wannan magana ta fito daga bakinsa a kan kowa ba, ko a kan mahaifinmu. Alhaji ya daɗe a tsaye. Sannan ya tuɓe takalmi, ya zauna a bakin tabarmar, rigarsa duk tabon shuni. Ni na fita, don idona ya cika kuma ba na son ɗan ya gani.

Ya Allah, bawanka ne, Ka san shi fiye da ni. Bai ci haƙƙin kowa ba, ya dai wahalar da mu, ya kuma fi wahalar da kansa. Ka haskaka kabarinsa, Ka ba matarsa da 'ya'yansa da abokinsa haƙuri. Kada Ka bincike shi yadda ya binciki duniya. Ka karɓe shi yadda ya karɓi ƙullin nan.